Totuwar Masara

A gidanmu kare ba ya shiga tsakar gida, amma shekara 6 Durwa ya yi yana kwana a bakin garkenmu, kuma tun zuwansa ba a sake sace mana ko ɗan akuya ba. Shi ya sa abin da ya same shi a damunar 2021 ya tsaya mana a rai.

Lokacin sabuwar masara ne, yara suna gasawa suna yar da totuwa ko'ina. Da la'asar ƙaninmu ya zo ya ce ya ga Durwa ya haɗiye guntuwar totuwa. Muka yi dariya, muka ce wanda ke tauna ƙashi ai totuwa ba za ta gagare shi ba. Washegari ya ƙi taɓa tuwo. Rana ta biyu ya fara amai, ko ruwa ya sha sai ya dawo, in an taɓa cikinsa sai ya yi kuka. Maƙwabta suka kawo shawara, wannan ya ce manja, wancan ya ce ruwan gishiri. Muka ɗura masa manja, ba mu ƙara masa komai ba sai wahala.

Sai a rana ta uku muka kai shi asibitin dabbobi. Likita ya lalubi cikin, aka ɗauki hoto, sannan ya dube mu ya ce, "Malam, da kun kawo shi cikin awa 2 na farko, allura ɗaya za ta iya sa ya amayar da ita tun tana tumbi. Yanzu ta toshe hanji, sai tiyata." Ya ce totuwa ba ta narkewa a cikin kare, hanjin da ya toshe kuwa in aka bar shi ruɓewa yake yi. Ya ce Allah ya taimake mu da ba mu ba shi gishiri ba, domin yawansa guba ne ga kare.

A nan muka koyi sauran. In allura ce ko ƙugiyar kifi ko tsagin ƙashi, ba a sa kare amai, don abin zai iya yaga maƙogwaro a hanyar fitowa. In zare ne ya leƙo ta baki ko ta dubura, ba a ja, domin yana iya yanka hanji. Abin yi shi ne a lura da abin da ya haɗiye da lokacin, a garzaya wurin likita.

Tunkiya guda muka sayar muka biya kuɗin aikin. Wasu suka ce mun yi wauta, a sayar da halal saboda kare. Muka ce da ba don shi ba, da tunkiyar ma ba ta kai ranar ba.

Durwa ya warke, ya koma bakin garke. Yanzu in masara ta zo, kwando guda muke ajiyewa na totuwa, kullum da magariba a zuba ta a murhu. Mai karatu, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.