Ɗan Hakin Da Ka Raina

A Dandin Mahe, kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga ta nufi Shagari, akwai wani dattijo mai tsohuwar mota ƙirar Peugeot 504, wadda mutane ke kira Fijo. Irin motocin nan ne da aka fara ƙerawa a Faransa cikin 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa su a masana'antar Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975. Dattijon ya tsufa tare da motarsa. Amarya ce ko majinyaci, duk ita ke ɗauka a unguwarsu.

Ana nan, sai motar ta ɗauki wata ɗabi'a: kullum da safe sai an tura ta kafin ta tashi. Dattijo ya ɗora laifin a kan batir, ya sayar da tunkiya ya sayi sabo. Ba a yi mako ba sabon ma ya kwanta. Wani dare naƙuda ta kama surukarsa, aka murɗa makulli, mota ta yi shiru. Sai da aka tashi samari huɗu daga barci suka tura ta, sa'an nan aka kama hanyar asibiti. An haihu lafiya, amma abin ya tsaya wa dattijo a rai.

Jikansa ne, yaro mai koyon wayarin a Sakkwato, ya gano bakin zaren. Ya fito tsakar dare, sai ya hangi fitilar cikin motar tana ci, alhali ƙofofi duk a rufe suke. Gilashinta ya dushe da ƙura, shi ya sa ba a lura da ita ba.

Da gari ya waye ya ce, "Baba, batir ba ya da laifi. Ga ɓarawon nan a jikin ƙofa."

Ya nuna masa wani ɗan makunni da bai kai kan yatsa ba, dasashe a ginshiƙin ƙofa. Aikinsa mai sauƙi ne. Idan aka buɗe ƙofa, sai ya turo kai waje, ya haɗa wayar fitila da ƙarfen jikin mota, wuta ta kama. Idan aka rufe, sai ƙofa ta danne shi, wuta ta yanke. To, wannan kansa ya cinye, ƙofa ba ta isa ta danne shi ba, saboda haka fitila ke kwana tana shan batir.

Yaron ya fara cire kan batir. Ya kwance kusar da ke riƙe da makunnin, ya jawo shi a hankali, ya ɗaure wayar da zare kafin ya zare ta. Dattijo ya tambayi dalili. Ya ce, "In ta suɓuce ta faɗa cikin ramin ginshiƙi, Baba, sai mun wuni muna kamun kifi." Daga nan ya naɗe bakin wayar da salatif, domin in ta taɓa ƙarfe fitila za ta sake kamawa. Duk aikin bai wuce minti goma ba.

Dattijo ya karɓi makunnin, ya daɗe yana juya shi a tafin hannu. Shekara arba'in yana tuƙi, bai taɓa sanin da zamansa ba, ga shi ya ci masa tunkiya, ya kuma kusa jawo masa abin da ya fi haka. Bai jefar da shi ba. Ya sa shi a aljihun gaba na motar, kusa da takardu. Washegari da asuba ya murɗa makulli sau ɗaya, Fijo ta amsa.