Jitar Baba da Doron da Ta Yi

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin wani tsohon katako ne da ya kusa raba ni da yayana, ya kuma buɗe bakin mahaifiyarmu a kan maganar da ta yi shekara arba'in tana haɗiyewa.

Lokacin da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a gidanmu na Talata Mafara, bayan an yi addu'ar bakwai, sai muka shiga ɗakinsa don fito da kaya. A saman tsohuwar wadirob muka ci karo da wani abu an naɗe shi da buhu. Ko da aka kwance, sai ga jita. Yayana ya dube ta ya kawar da kai, ya ce a ba yara su yi wasa ko a sa ta a murhu, don a ganinsa abin kunya ne a ce an sami kayan kiɗa a ɗakin dattijon da ba ya fashin sahun farko. Inna tana bakin ƙofa, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ku bar mai abinai." Ni kuwa na sa hannu na ɗauka. Mun yi wata biyu ni da Yaya gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Bari in koma baya kaɗan. Baba direban tifa ne a zamanin da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, aikin da aka fara a 1974 aka gama a 1978. Wani Bature ɗan Italiya da suka yi aiki tare shi ya bar masa jitar da zai koma gida. Ina da shekara shida zuwa bakwai a lokacin, kuma ban manta ba, bayan sallar isha'i yakan zauna a kan tabarma yana lalubar tsarkiyoyin, yana ƙoƙarin fitar da irin kiɗin molo da ya sani tun yana yaro. Sai rana ɗaya abin ya ɗauke. Ban ƙara jin sautinta ba, ban kuma taɓa tambaya ba, don a gidanmu yaro ba ya tambayar irin wannan.

Da na kai ta ɗakina na duba, sai na ga fuskarta ta lalace. Bayan jaki, wato wurin da tsarkiyoyin ke kamawa, katakon ya kumbura ya yi doro kamar cikin yaro mai ƙaba, gaban jakin kuma, wajen ramin nan na tsakiya, ya lotsa. Tsarkiyoyin sun yi tsatsa, sun tashi sama har ƙaramin yatsana na shigewa ƙarƙashinsu. Daga baya na fahimci dalili. Tsarkiyoyin ƙarfe guda shida in an ɗaure su daidai, jan da suke yi ya kai kilo 70, wato ya fi buhun siminti nauyi, alhali katakon fuskar kaurinsa bai wuce milimita 3 ba. Baba ya ajiye ta a ɗaure, ƙarƙashin rufin kwano, ta sha zafin bazara, ta sha laimar damina, ta sha bushewar hunturu har shekara arba'in. Katako kuwa yana numfashi: ya sha danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Masu ƙera jita sun fi son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa a nan in buji ya taso yakan faɗi ƙasa da kashi 20.

To, gaggawa aikin Shaiɗan. Na kai ta wurin wani kafinta a cikin gari. Ya juya ta, ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Ya yayyafa mata ruwa, ya ɗora katako da bulo a kai, ya shanya a rana. Washegari da na koma, doron yana nan, ga kuma sabuwar tsaga ta fito daga jaki zuwa ƙasa, siririya kamar gashi. Ban ga laifinsa ba, ƙofa da benci ya saba da su. Laifina ne. A daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta tunanin abin da Baba ya adana shekara arba'in ni na illata shi a kwana ɗaya.

Wani abokina malamin makaranta ne ya ce in tafi Bakura, akwai wani tsoho da ke ɗaure garaya da gurmi. Ba abin mamaki ba ne, don ƙasar nan ƙasar kiɗi ce. A Bakura aka haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda duniya ta sani da Ɗanƙwairon Maradun, ya yi zamaninsa da kotso har ya rasu a 1991. Na iske tsohon a zaure yana jeme fatar akuya. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa jitar. Ya daɗe yana shafa fuskarta da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, yana kara kunne.

"Ɗana, wa ya shanya ta ga rana?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Hwata ita aka kaiwa ga wuta in ta saki. Icce ba shi son haka. Abin da ya shekara arba'in shina lanƙwashewa, ba ka miƙe shi yini guda. Hwara sauke mata kaya tukuna."

Ya sa hannu ya kwance tsarkiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma nuna mini wani wuri da in an ƙwanƙwasa yake ƙara kamar fasasshiyar ƙwarya, ya ce akwai abin da ya saki a ciki, amma shi bai san cikin kayan Turawa ba, kuma ba zai taɓa abin da bai sani ba. Ko sisi bai karɓa ba.

Sauran aikin ni da ɗana muka yi, shi yana nemo bayanai a waya, ni ina aikin hannu. Muka fasa ƙaramin madubi muka zura ta ramin da tocila. Ashe a bayan fuskar akwai 'yan sanduna da aka manna, biyu daga ciki sun giciye juna, su ne haƙarƙarin da ke riƙe da ita. Ƙafar ɗaya ta ɓalle daga jikin katakon, daidai inda tsohon Bakura ya nuna. Muka jira damina ta kankama. Na sa soso mai ɗan danshi a cikin leda mai huji, na ajiye a cikinta, na rufe ramin, na bar ta a inuwa mako uku ba tsarkiya. Tsagar ta matse da kanta har da ƙyar ake ganinta. Muka ɗura mata gam na katako, muka manna 'yan ƙananan faci ta ciki. Wani mai walda ya ƙera mini mamatsai masu dogon wuya da za su shiga ta ramin. Na share tsohon gam da siririyar wuƙa, na shafa sabo a ƙarƙashin sandar, na matse na bari ta kwana biyu. Daga nan na sa lafaffen katako ciki da waje, na ɗan ɗumama na wajen, kullum in ƙara matsi kaɗan, kwatan juyi kawai. Wata biyu muna wannan. Tsarkiyoyi kuwa sai daga Kano aka aiko mini, na zaɓi mafi siranta, na kuma ɗaure su ƙasa da yadda aka saba don kada in mayar da ita gidan jiya.

Doron bai tafi duka ba. In ka ɗora rula za ka ga saura kaɗan. Amma ta yi magana.

Inna a lokacin ta koma Maradun wurin ƙanwarmu. Duk wanda ya san yankin nan a shekarun nan ya san ba a shiga hanya sai da addu'a, saboda 'yan bindiga. Na naɗe jitar a cikin zane, na bi motar safe. Bayan la'asar na zauna a gabanta, na ɗan taɓa abin da kunnena ya riƙe tun ina yaro, ni da ban iya ba. Ta yi shiru har na zaci ranta ne ya ɓaci. Can ta ce, "Ka san abin da ya sa ya aje ta?"

Na ce, "A'a, Inna."

Kowa a ƙasar nan ya san abin da ya faru a ranar 28 ga Afrilu, 1980, lokacin da aka buɗe wuta a kan manoman da suka tare hanyoyi suna neman diyyar gonakinsu da aikin madatsar ya ci. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suna maganar ɗaruruwa. Abin da ban sani ba shi ne, ƙanen Inna, wanda aka ce mana ya tafi cin rani bai dawo ba, yana cikin waɗanda suka fita ran nan. Baba kuwa shi ya yi shekaru yana jidar tsakuwar aikin. Inna ta ce ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, neman abincinmu yake yi, kuma ba ta taɓa ce masa ya daina kiɗi ba. Shi ne da kansa, daren da labari ya tabbata, ya naɗe ta a buhu. Ta ce sau da yawa ta so ta ce masa ya ɗauko, kunya ta hana ta, shi ma ta san kunyarta ce ta hana shi.

Na rasa abin cewa. Ita ce ta miƙo hannu ta shafa wurin doron, ta ce, "Ƙara taɓawa in ji."

Da na dawo Mafara na je na faɗa wa Yaya duk abin da Inna ta ce. Bai ce komai ba sai, "Allah ya jiƙansu." Har yau bai taɓa jitar ba, amma ya daina maganar murhu, kuma ranar da hunturu ya fara shi ne ya aiko yaro ya tambaye ni ko na sassauta mata tsarkiya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.