Tsakanin Gwaranci da Magana: Gaɓa Ɗaya a Zangon Lome

A wani gida da ke Zangon Lome, babban birnin Togo, an shafe watanni ana musu a kan gaɓa ɗaya tak, wato "ba". Masu musun surukan juna ne, wata tsohuwa da matar ɗanta, wanda ake musun a kansa kuwa jariri ne ɗan fari.

Uban yaron direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga Tashar Jirgin Ruwa ta Lome zuwa Yamai. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan Nijar da yawa suka koma bi ta Lome, su ratsa Togo har Sinkase, su shiga Burkina Faso, inda motoci kan jira rakiyar sojoji kafin su kama hanyar Kaya da Dori zuwa Tera. Tafiya ɗaya takan ci makonni, saboda haka yawancin girman ɗansa ta waya yake jin labarinsa.

Yaron yana da wata bakwai ya fara jera "ba-ba-ba". Kakar ta rangaɗa guɗa, ta sa aka kira mata ɗanta, ta ce masa, "Albishirinka, yau angona ya kira ka." Uwar ba ta tanka ba, don kunyar ɗan fari. Sai da aka kashe waya ta ce a hankali, "Inna, ai ko butar alwala haka yake ce mata, har da akuya." Tsohuwar ta ce, "Ke yarinya ce, ba ki san harshen yara ba tukuna."

A wannan karon masana ilimin harsuna suna bayan uwar. Jariri kan fara da kuka, sannan wajen wata 2 zuwa 3 ya shiga fitar da sautukan jin daɗi masu kama da wasula. Tsakanin wata 6 da 10 yakan fara haɗa baƙi da wasali, ya yi gaɓa cikakkiya, ya dinga maimaita ta. Wannan shi ne gwaranci. Asalinsa motsin muƙamuƙi ne: yaro yana buɗe baki yana rufewa alhali murya na fita. In leɓɓa suka haɗu a ji "ba" ko "ma", in harshe ya taɓa hanƙa a ji "da" ko "na". Masanin nan Roman Jakobson ya yi bayani a 1960 cewa wannan ne ya sa sunayen uwa da uba suke kama da juna a harsunan da ba su haɗa dangi ba: manya ne suka tsinci sautukan jarirai suka laƙaba wa kansu. Lome kaɗai ta isa shaida. Bahaushe ya ji "mama" ya ce uwa, mai jin harshen Ewe ya ce kaka mace, domin uwa a wurinsa "dada" ce. Kalmar "kaka" da tsohuwar ke ɗokin ji kuwa, a Faransancin yara kashi take nufi. Ko a Hausa, karin sauti ne ke raba "baba" uba da "baba" gwaggo da "baba" na rini, jaririn kuma bai zaɓi ko ɗaya ba.

Duk da haka, gwaranci ba aikin banza ba ne. Da shi yaro ke gwada bakinsa yana sauraren abin da ya fito. Oller da Eilers sun nuna a 1988 cewa jariran da ba sa ji sukan makara sosai wajen fara jera gaɓoɓi, Petitto da Marentette kuma suka nuna a 1991 cewa kuramen jarirai da suka tashi cikin maganar hannu da hannuwansu suke gwaranci. Jaririn da ya wuce wata 10 bai fara jera gaɓa ba, ko ba ya waiwaye in an kira shi, ya kamata a kai shi asibiti a duba jinsa.

Da yaron ya cika shekara bai faɗi abin da uwar ta yarda kalma ce ba, sai musu ya koma fargaba. Maƙwabta suka ce harsuna ne suka yi masa yawa: Hausa a ɗaki, Faransanci a rediyo, ga wata maƙwabciya 'yar ƙabilar Ewe da ke goya shi in uwar na girki. Tsohuwar ta fara zancen a kai shi Maraɗi wurin dangi har bakinsa ya buɗe. Tana da dalilinta. A tsohon Zango na tsakiyar gari aka haife ta, tana budurwa hukuma ta rushe shi a 1977, aka mayar da mutanensa arewa da birnin. Ta ga jikokin ƙawayenta ana yi musu Hausa suna amsawa da Faransanci, ba ta so nata ya bi sahu. Sai dai bincike bai nuna cewa yawan harsuna na hana yaro magana ba. Masu tashi da harshe biyu ko uku sukan fara kalmomi wajen shekara guda kamar sauran yara, muddin aka ƙirga kalmominsu na dukkan harsunan.

Yana da wata goma sha uku uwar ta lura da wani sauyi. Ya daina jera gaɓar barkatai. Yakan dubi mutum, ya miƙa hannu yana buɗe yatsu yana rufewa, ya ce "ba" sau ɗaya, ya jira. In ba a zo ba ya sake, da ƙarfi. Maƙwabciyar ce ta gane, ta yi dariya ta ce ai nata ne: "va" a harshen Ewe na nufin "zo", kuma haka take kiransa kullum. Hausa ba ta da sautin "v", bakin yaron ma bai kai gare shi ba, shi ya sa kunnen tsohuwar ya ji rabin "Baba". Sautin bai bambanta da na wata bakwai ba. Abin da ya mayar da shi kalma shi ne yana faɗinsa da siga ɗaya, don buƙata ɗaya, ba tare da an ce ya maimaita ba, kuma yana jiran sakamako.

Ran tsohuwar ya sosu, ta wuni ba walwala. Washegari ta zaunar da shi a gabanta, ta miƙa hannu kamar yadda yake yi, tana cewa, "Zo, ango, zo." Zancen Maraɗi bai sake tasowa ba.

Da uban ya dawo, yaron ya yi ƙyuya ya ɓuya a bayan uwarsa. A kwana na uku, uban na zaune a kan tabarma yana shan shayi, yaron ya leƙo daga bakin ƙofa, ya miƙa hannu ya ce "ba". Tsohuwar ta ce sunansa aka kira, uwar ta sunkuyar da kai tana murmushi. Uban ya ajiye kofin ya tashi ya je.