Laraba a Tsibirin Bubon

Daga Kalley zuwa bakin kogi tafiyar ƙafa ce, amma da yawa cikin waɗanda muka tashi tare a unguwar sun girma ba su taɓa zama sun ƙare wa ruwan nan kallo ba. Kalley unguwar ciniki ce. Hankalinta yana Babbar Kasuwa, kogi kuwa ta ba shi baya. Iyayenmu fatauci ne ya kawo su Yamai daga Maraɗi da Ƙonni da Dogon Dutsi, suka sauka cikin Zabarmawa masu unguwa, suka kama runfuna. A wurinsu kogin Isa wajen sana'ar wasu ne: masunta, masu wanki, majeman Gamkale, masu lambun Yantala. A wurin iyayenmu mata kuwa wajen haɗari ne kawai, inda ƴan ruwa ke jan ƙafar yaro mai ƙiriniya.

Mutum guda ne a gidanmu bai yarda da haka ba, ƙanen mahaifiyata. Tela ne, kekensa na cikin Babbar Kasuwa har gobarar 1982 ta tashe su. Kawu yana da wata ɗabi'a da abokansa ke ɗauka ɓata lokaci ce, ta zuwa wuri don ya gan shi kawai, ba sayayya, ba zumunci, ba biyan bashi. Yau ana kiran wannan yawon buɗe ido, har da ma'aikata guda a kansa. A lokacin mutanen unguwa sun bar wa Turawa shi, su da motocinsu da abin ɗaukar hoto rataye a wuya. Kawu yakan ce wa mahaifiyata, "Yaya, Allah bai yi wurin nan don baƙi kaɗai ba. Ki bar ni in kai yara su gani." Ita kuma ta ce, "Ka dai dawo mini da su kafin magariba, kuma ban yarda ƙafar kowa ta taɓa ruwa ba."

Makarantarmu ta farko gadar Kennedy ce. An buɗe ta a 1970, tsawonta ya haura mita 700, kuma shekara arba'in ita kaɗai ce ta haɗa gari da Haro Banda, sai a 2011 aka samu ta biyu. Da la'asar sakaliya kowa na bisa kanta: ƴan jami'a, masu amalanke, raƙuma da lodin itace da tabarmi suna tafiyarsu ta ƙasaita ba ruwansu da ƙahon mota. Kawu sai ya tsayar da mu a tsakiya, ya ce mu leƙa. A ƙasa ga manyan jirage sun sauke kabewa tsibi-tsibi, ga masu wanki sun shanya tufafi a gaɓa har ƙasar ta koma launi-launi. Can nesa, wajen mafaɗar rana, ga duwatsun nan uku masu shimfiɗaɗɗen kai da ake kira ƴan'uwa mata uku. Idan rana ta kusa shigewa sai jemagu su taso daga itatuwan gari dubbai, su bi ta kanmu su ƙetare ruwa neman abinci. Ba mu biyan ko dala. Har yau ban san wani kallo a Yamai da ya kai wannan ba, kuma har yau kyauta ne.

A bisa gadar nan na fara sanin cewa ruwa biyu ke zuwa mana kowace shekara. Na farko jan ruwa ne na damina, wajen Agusta da Satumba, wanda Sirba da Dargol da Goruwal ke kwasowa daga ɓangaren Burkina Faso da laka da yashi, ya zo da fushi ya wuce da sauri. Na biyu shi ne abin mamakin. Ruwan sama ne da ya sauka a duwatsun Gini tun damina, a wurin da bai fi kilomita 250 daga teku ba, amma maimakon ya gangara teku sai ya nufi hamada. Ya shiga Mali, ya bazu a makekiyar fadamar da ke tsakanin Mopti da Tumbutu, ya yi watanni yana zube lakarsa, sannan ya karyo kwana ya iso Yamai a Disamba da Janairu, a tsakiyar hunturu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Ƙasa ta bushe, leɓe ya tsage, ƙura ta rufe gari, kogi kuwa ya cika maƙil, ya natsu. Wanda duk yake son ganin tsibiran kogin nan da kyaunsu, wannan ruwan zai jira.

Shi Kawu yake jira kafin ya kai mu Bubon.

Bubon ƙauye ne a bakin kogi, kimanin kilomita 25 daga Yamai idan aka bi hanyar Tilaberi, kasuwarsa na ci ranar Laraba. Mukan fita Kalley da sanyin asuba, kowa da rigar sanyi da ƙullin fankasau, mu shiga motar kasuwa tare da mata masu kwanduna. Idan aka bar kwalta aka gangara, abin da ke fara tarbar mutum tukwane ne. Matan Bubon maginan tukwane ne na gado, randunansu da tulunansu sun zagaye ƙasar. Da hannu suke bugun yumɓu har ya yi ciki, su gasa a fili, su zana da farar ƙasa da ja, layi-layi da kusurwa-kusurwa. A wancan zamani da wuya ka shiga gida a Kalley ba ka tarar da randar Bubon a gindin bishiya ba, da moɗa a kife bisa murfi. Ruwan cikinta yana da sanyi da ƙamshin ƙasa da firij bai taɓa ba ni ba.

Gaɓar kasuwar kuwa cike take da kwale-kwale, an jera su kai da kai. Mutanen ƙetare sun zo da awaki da buhunan shinkafa da kifi banda, wasu har da saniya a kwance cikin jirgi an ɗaure mata ƙafafu. Za ka ji Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, ka kuma ji Hausa mai karin Kabi a bakin Sarkawa, masuntan da suka biyo kogi daga ƙasa tun kakanni. Da ɗaya daga cikinsu Kawu ke shirya tafiyarmu, wani dattijo mai kaurin damtse da ba ya yawan magana. Kawu ya ce, "Baba, ga ƴaƴanka na kawo, a zagaya da su." Dattijon ya ƙirga mu da ido, ya nuna wa kowa inda zai zauna, ya ce, "Samari, wanda ya miƙe tsaye a jirgina, a nan tafiyarsa ta ƙare." Ba wanda ya miƙe.

Tsibirin yana daura da ƙauyen, ƙetarawar ba ta da nisa, amma da zarar an bar gaɓa sai hayaniyar kasuwa ta koma baya kamar an rufe mata ƙofa. Abin da ya rage ƙarar filafili ce da kukan tsuntsaye. Jirgin yakan kutsa cikin ciyawar burgu da ta fi mu tsayi, wadda Fulani ke yanka wa shanu, sai ga bado ya buɗe fararen furanni a inda ruwa ya kwanta. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya. Kirinjijiya na tashi garke guda suna fito. Tsuntsayen saƙa sun rataya sheƙunansu a rassan da suka sunkuyo kan ruwa, inda maciji ba zai kai ba. Shi tsibirin kansa inuwa ce tsantsa, mangwaro da goruba da manyan itatuwa, ga wani masauki mai bukkoki inda Turawa ke kwanan ƙarshen mako. Mu ba masaukin ya kawo mu ba. Mukan zauna a ƙarshen tsibirin inda ruwa ya rabu biyu, mu kwance ƙullinmu, Kawu ya sayi ƙarfasa a hannun masunta a gasa mana a kan garwashi, da gishiri da yaji kaɗai. Daga nan ana hango jan tudu a ƙetare, ga koren shinkafa a gindinsa, ga ruwa launin azurfa a tsakani. Yaron da duk rayuwarsa lungunan Kalley ya sani, da kwata da katangar laka, ranar nan ya gane cewa garinsu yana zaune ne a cikin ƙasa mai kyau.

Dorina kuma sai an yi sa'a. Dattijon yakan kai mu sama da tsibirin kaɗan, ya tsayar da jirgi nesa, ya ɗaga hannu a yi shiru. Da fari ba ka ganin komai sai wasu baƙaƙen duwatsu a tsakiyar ruwa. Can sai dutse ya motsa kunne, ya huro ruwa ta hanci. Ya gaya mana cewa mai ɗa ita ce abar tsoro, kuma ba a shiga tsakaninta da zurfi. Ya san ramin kowace, ya san lokacin fitarsu kiwo. Ban ga alamar yana ƙinsu ba, ko da yake su ke cinye shinkafar danginsa cikin dare, su kife jiragen masu kamun kifi. Rigimar nan ba ta mutu ba. A 2017 ta yi tsanani a wajen Ayoru har aka kashe dorinai da dama, a shekarar kuma gwamnati ta keɓe musu wani yanki na kogin. Nakan ji tausayin ɓangarorin biyu, don na ga gonar da aka tattake, na kuma ga ɗan dorina yana hawa bayan uwarsa.

Akwai sauran wurare, wasu da Kawu, wasu bayan na girma. Kure, kilomita 60 a hanyar Doso, inda raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma ke kiwo cikin gonakin gero suna cin ganyen gawo, manomi na noma ba wanda ya damu da wani. A 1996 saura 49 suka rage a duniya, aka tsaya musu har suka haura 600. Sai gandun dajin W, can kudu ta Tapowa, wanda aka kafa a 1954, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. A can na fara ganin giwa ba a cikin keji ba. Amma waɗannan na mai mota ne. Bubon ta talaka ce, kuɗin motar kasuwa da na jirgi sun isa.

Na ga kogin nan a ranar wulaƙancinsa ma. A Yunin 1985, bayan farin da ya cinye dabbobi ya cika Yamai da ƴan gudun yunwa, ruwa ya daina gudu a gaban gari. Mutane suka riƙa taka ƙasan kogi da ƙafa zuwa Haro Banda, jirage na kife a kan yashi. Kawu ya kai mu, ya tsaya ya daɗe bai ce uffan ba. Tun daga lokacin nake lura da yashi. An sare itatuwan tudu an kai gari an dafa abinci, ƙasa ta zama fako, duk ruwan da ya sauka sai ya kwashi rairayi ta ƙoramu ya zuba a kogi. Cikinsa ya cike. Shi ya sa da rani ake ganin tsibiran yashi inda da can zurfi ne, da damina kuma jan ruwa ya rasa wurin zama ya faɗa gidaje. A Satumban 2020 ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa shinge ya shiga Lamorde da Kirkisoye da Saga. Ga kuma baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure da ta toshe wuraren da bado ke fitowa. Madatsar Kandaji, wadda aka ɗora tubalinta a 2008 da alkawarin riƙe wa kogi ruwa da rani, mun daɗe muna sauraronta.

Abin da ya fi yashi ciwo shi ne rufewar hanyoyi. Ranar 9 ga Agustan 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da direbansu da shugaban masu yi wa baƙi jagora, dukansu biyun ƴan ƙasa. Gandun W ya zama maɓoyar masu ɗauke da makamai. Ayoru, da kasuwarta ta Lahadi da tsibiranta, ta koma sunan da ake ji a labaran rediyo da faɗuwar gaba. Masu jirage da masu jagora da matan da ke sayar wa baƙi ƙananan tukwane, duk abincinsu ya ragu.

Yaran Kalley na yanzu sun fi mu sanin duniya. Suna nuna mini hotunan tsibiran Bahar Rum a waya, Malta da Sisili da Kirit, shuɗin ruwa da fararen duwatsu, inda mutane ke biyan kuɗin jirgin sama don su je su zauna su kalli faɗuwar rana. Wuraren suna da kyau, ban musa ba. Sun kuma san Lampedusa, ta wata fuskar, don ta ƙasarmu ake bi a nufe ta, ta Agadas, kuma ba duk wanda ya tafi ke isa ba. Abin da ke damuna shi ne in tambayi saurayi ɗan shekara ashirin, haifaffen Kalley, ko ya taɓa shiga kwale-kwale, ya ce a'a. Ba laifinsa ba ne. Ba a samu wanda ya kama hannunsa ba, kuma zamanin ya sa iyaye tsoron da ya fi na ƴan ruwa.

Duk da haka kogin bai bar gari ba. Gada uku gare mu yanzu, ta ukun, mai sunan Janar Seyni Kunce, an buɗe ta a 2021 can wajen Gudel, kuma daga kanta ana ganin ruwa da tsibirai da lambuna fiye da yadda muke gani a da. Akwai masu jirage a gaɓar Yantala da ta Gamkale da za su zagaya da iyali guda cikin gari ba tare da an yi nisa ba. Wanda kuma yake son Bubon, ya fara tambayar direbobin hanyar halin da ake ciki a makon, ya zaɓi Laraba tsakanin Disamba da Janairu, ya fita da wuri don ya dawo da rana tsaka. Ya nemi dattijo cikin masu jirage, ya gama ciniki tun a gaɓa, kada ya yarda a yi wa jirgin lodin da ya wuce kima, yara kuma a zaunar da su a tsakiya.