Wa Ya Biya Kuɗin Fim ɗin Umar Mukhtar?

Da wuya ka samu Bahaushen da ya haura shekara arba'in, ko a Damagaram ya tashi ko a Katsina, wanda bai taɓa kallon fim ɗin Umar Mukhtar ba. A unguwarmu kaset ɗin ya sha wuya har hoton ya koma yana rawa daidai wurin da ake rataye tsohon, saboda yawan mai da shi baya. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wa ya biya kuɗin wannan aiki. Gwamnatin Kanar Gaddafi ce. Mustafa Akkad, ɗan asalin Siriya, ya shirya shi, Anthony Quinn ya fito a matsayin malamin da ya yi shekara ashirin yana yaƙar Italiya, kuɗin man fetur na Libiya kuma suka ɗauki nauyin tankoki da dawakai da tarin 'yan wasa. Fim ɗin ya fito a 1981. A 1984, talabijin ɗin gwamnatin Libiya ya nuna wa ƙasa baki ɗaya yadda aka rataye wani matashi, Sadik Shuwaihidi, a zauren ƙwallon kwando na Bangazi, gaban ɗaliban da aka kwaso domin su gani.

Na daɗe ina juya waɗannan igiyoyi biyu a raina. Yaya mutum zai zuba dukiya don duniya ta yi kuka a kan rataya ta 1931, sannan ya ɗora wata a akwatin gidansa ba tare da ya ji komai ba? Inda na tsaya shi ne, mai mulkin kama-karya ba ya tsoron labarin zalunci. Yana ma son sa, muddin azzalumin baƙo ne, ko ya daɗe a kabari, ko harshensa daban. Idan Janar Graziani ya ɓata fuska a allo, mai mulki yakan ɗauka shi ne Umar Mukhtar. Aikin mai tace fina-finai ke nan gaba ɗaya: ya zauna ya yi hasashen fuskar wa mai kallo zai gani a jikin mugun.

Mu a Nijar mun san irin wannan awo. Zamanin Seyni Kunce, wanda ya kifar da Diori Hamani ran 15 ga Afrilun 1974, tele ɗaya ce, Télé Sahel, kuma labarai da shugaban ƙasa suke farawa: wa ya karɓa, wane gari ya je, wane ofishi ya faɗa ba sanarwa ya tarar ma'aikata ba su zo ba. Amma ba zan yi wa wancan zamani ƙarya ba, an yi dariya a wannan akwati. Su Yazi Dogo sun yi wa ma'aikacin da ke cin hanci tsirara, sun taɓa ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi, sun taɓa malamin tsibbu. Mahaifina yakan yi dariya har ya share hawaye da bakin riga. Sai dai duk mai kallo ya san inda katangar take. Ana iya dukan jaki, ana iya dukan taiki, amma mai jakin ba ya shiga wasan. Dukan ƙaramin ma'aikaci ma taimakon mai mulki yake, don yana nuna cewa shi na sama tsarkakakke ne, na ƙasa ne ke ɓata masa aiki.

Inda lissafin ya rikice shi ne kan Sarauniya Mangu. Ga labari namu na gida: mace a Lugu, cikin ƙasar Arewa, ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta bar toka da gawawwaki tun daga bakin Kwara har Birnin Ƙonni. A ido, babu labarin da ya fi wannan dacewa da gwamnatin da ke wa'azin kishin ƙasa. Abdullahi Mamani ya rubuta shi littafi, ya fito a 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya yi niyyar ɗaukar fim ɗin a Nijar, sai hukumomi suka janye goyon bayansu. A Burkina Faso ta Thomas Sankara aka ɗauke shi, ya fito a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

Ni a ganina dalilan suna cikin labarin kansa. Marubucin tsohon ɗan Sawaba ne, ya yi gudun hijira a Aljeriya, ya dawo gida bayan juyin mulki, gwamnatin Kunce ta ɗaure shi. Mugun da ke cikin labarin kuma Faransa ce, wadda a lokacin take haƙar yuraniyom a Arlit. Amma abin da ya fi nauyi, hannuwan da suka cinna wa garuruwa wuta ba na Turawa kaɗai ba ne. Baƙaƙen sojoji ne sanye da kakin Faransa, irin kakin da shi kansa Kunce ya fara aikin soja da shi. Ƙarshen tafiyar kuwa, a Maijirgi kusa da Tasawa, waɗannan sojoji suka juya bindiga suka kashe hafsoshinsu biyu. Ka ɗauki wannan ka ajiye gaban shugaban da aka yi yunƙurin kifarwa a 1976 da 1983. Sankara ma soja ne da ya hau ta juyin mulki, sai dai shi da ya duba madubin, Sarauniya ya gani. Ba su kai ƙarshen 1987 ba su biyun: an harbe Sankara a Oktoba, Kunce ya rasu a asibitin Faris a Nuwamba.

Wani lokaci almakashin yakan zo da dalilin da zai ba ka dariya. A Senegal an hana nuna Ceddo na Usman Sembene, wai don an rubuta sunan da harafin d biyu. Wani lokaci kuma abin yakan sulale ya wuce. A Mali, Sulaiman Sise ya fitar da Finye a 1982, labarin ɗalibai da suka yi wa gwamnan soja tawaye, alhali Musa Tarawore yana kan mulki, kuma shekara biyu kacal da mutuwar shugaban ɗalibai Abdul Karim Kamara a hannun jami'an tsaro. Duk wanda ya kalle shi a Bamako bai buƙaci tafinta ba.

Abin da mai tacewa ba ya iya ƙayyadewa shi ne abin da ke faruwa a tabarmar kallo. Na sha zama cikin manya ana kallon fim ɗin Indiya, mugun attajiri yana ƙwace gonar talaka, sai ka ji wani dattijo ya yi gyaran murya, wani ya ce, “Allah dai ya kyauta.” Ba a ambaci sunan kowa ba, kowa kuma ya gane wanda ake nufi.

Italiya ta hana nuna fim ɗin Umar Mukhtar shekara da shekaru, wai ya zubar da mutuncin sojojinta. Sai a Yunin 2009 aka sa shi a talabijin can, lokacin da Gaddafi ya sauka a Rum da hoton kamun Umar Mukhtar manne a ƙirjinsa. Ba a cika shekara biyu ba Bangazi ta tashi, matasan da suka girma suna kallon wannan fim a talabijin ɗin gwamnati suka fito da hoton tsohon a tutoci da jikin motoci, suna neman a kawar da wanda ya biya kuɗinsa.