Agogunan Motar Yayana

Shekara goma sha biyar ke nan yayana yana jan babbar mota tsakanin Kano da Ikko. Yakan kawo tumatir da tattasai kasuwar Mile 12, in zai koma ya ɗauki abin da Allah ya hore. Da kuɗin wannan mota aka biya mini makaranta har na sami difloma, saboda haka in na sa baki cikin sha'aninta, mai karatu ba zai ce na yi shisshigi ba.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne allon nan da ke gaban direba. Agoguna shida ne a jikinsa, amma na iskar birki kaɗai ke da rai. Maleji ya tsaya tun ba a san rana ba. Agogon mai kullum rabi yake nunawa, sai dai a zura sanda cikin tanki a duba. Na zafin inji kuwa allurarsa ta kwanta ba ta ko motsi. Fitilun allon ma sun mutu, in dare ya yi sai yaron mota ya haska da waya. Duk ran da na yi magana sai Yaya ya ce, "Kai ɗan boko, kunnena da hancina sun fi agogon Bature." Gaskiya ne yana da kunne, don na sha ganinsa ya gane ciwon inji daga ƙara kawai.

A watan Maris na 2024 kunnen ya gaza. Cikin dare, tsakanin Mokwa da Jebba, robar lagireto ta tsage, ruwa ya yi ta zurarewa ba wanda ya sani. Ruwa ba ya ƙara in yana tsiyaya, kuma kafin hanci ya ji ƙauri aikin gama ya gama. Gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Kwana uku suka yi a bakin titi, ga zafin bazara, ga kwandunan tumatir jibge a baya. Wanda ya san tumatir ya san abin da ya isa Ikko. Har yanzu Yaya bai gama biyan masu kaya ba.

Da aka tashi injin, na ce ni zan ɗauki nauyin allon. Muka kai ta wurin wani dattijo Bayarabe mai aikin wayar mota a Agege, wanda ya yi zaman Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Yadda ya gano ciwon agogon zafi ya ba ni sha'awa ƙwarai. Akwai wani ɗan ƙarfe da ke ɗaure a jikin inji, kansa cikin ruwa, gwargwadon zafin ruwan gwargwadon wutar da yake bari ta wuce zuwa agogo. Baba ya cire wayarsa, ya sa aka murɗa makulli, ya ɗan taɓa ta a jikin inji, nan da nan allura ta yi tsalle ta kai ƙarshe. Ya ce, "Agogo lafiyarsa lau, ɗan aikensa ne ya mutu." Muka sayo wani a Ladipo. Na tambayi kuɗinsa har sau biyu, don bai kai na kwandon tumatir guda ba.

Sauran ba su ba da wahala ba. Abin da ke yawo kan mai cikin tanki ya maƙale, aka gyara. Agogon batir da na baƙin mai kuwa tsatsa ce ta ci wayar da ke mayar musu da wuta jikin ƙarfen mota, aka kankare aka ɗaure. Maleji aka sake masa igiya.

Wajen fitilu ne na nuna ilimina. Na karanta cewa ƙwayayen zamani da ake kira LED ba su cin wuta, ba su zafi, suna kuma daɗewa, ga shi har an ba Japanawa uku kyautar Nobel a 2014 saboda gano shuɗin cikinsu. Na san babbar mota batir biyu take haɗawa, wutarta volt 24 ce, saboda haka ban yi kuskuren sayo na ƙananan motoci masu 12 ba. Na san kuma in an juya ƙafafunsu ba su kamawa. Baba ya sa su duka, ban da guda ɗaya, wato 'yar jar fitilar nan mai hoton batir. Ya ce wannan a bar mata tsohon ƙwanta.

Na ce, "Haba Baba, don me za a bar tsoho guda cikin sababbi?"

Ya ce, "Malam, wannan ba haske kaɗai take bayarwa ba."

Ban tsaya ya ƙarasa ba. Na ce kuɗina ne, a sa. Ya dube ni, ya dubi Yaya, ya sa.

Aka ta da mota, allo ya haskaka gwanin kyau, ina ta murmushi. Can sai Yaya, mutumin da bai taɓa yarda da agogo ba, ya nuna da yatsa ya ce, "Wannan ina ya kamata ya tsaya?" Baba ya ce in inji na aiki, wajen 28. Allura kuwa tana kan 24, ba ta da niyyar gaba. Ashe injin caji irin na tsofaffin motoci ba ya fara ba da wuta sai an ɗan tsokane shi da wata 'yar wuta, ita kuwa ta cikin ƙwan jar fitilar nan take bi. Sabon ƙwan da nake yabo don ba ya cin wuta, abin da yake bari ya wuce bai isa ya ta da caji ba. Da a ce mun bar wurin haka, da wuya a kai Ilori fitilun gaba ba su dushe ba, a hanyar da ba a fatan tsayawa cikin dare.

Baba bai ce mini kome ba. Ya laluba aljihu ya fito da tsohon ƙwan, ashe bai yar ba, ya mayar da shi. Allura ta hau 28. Yaron mota ya juya baya yana tari, amma na san dariya yake yi.

Akwai kuma abin da sai da dare muka gane. Fararen ƙwayayen sun cika haske, suna kashe wa direba ido har ba ya ganin titi sosai, maɓallin rage haske na asali kuma ba ya iya musu yadda ya kamata. Washegari muka koma aka musanya da masu ruwan ɗorawa. Wannan karo da Baba ya yi magana, na ce to.

Makon jiya Yaya ya buga mini waya daga Ogbomosho. Ya ce a kan wani hawa allurar zafi ta wuce 90 tana neman ja, ya sauka gefe, ya tarar fambel ya saki, ya ɗaure, ya ci gaba. Na tambaye shi agogon mai fa? Ya ce yana aiki sarai, amma sandarsa tana nan bayan kujera, kuma da ita ya auna kafin ya bar Kano.