Kuɗin Ajiyata a Zangon Damagaram

Mutumin Daura ba ya ɗaukar Damagaram a matsayin ƙasar waje. In ka bi ta Mai'aduwa ka ƙetare Kongolam, ka wuce Matamaye, harshen da ka baro shi za ka tarar, tuwon ma shi ne. Wannan sabo shi ya ruɗe ni sa'ad da na tafi can a farkon shekarar 2023 domin tattara labarun baka game da dangantakar Daura da Damagaram.

Na sami ɗaki a unguwar Zango a kan jaka 15 ta sefa kowane wata. Mai gidan, wani dattijo mai fara'a, ya ce in ba da kuɗin wata uku ajiya, watau jaka 45, waɗanda za a mayar mini ran da na tashi in ban ɓata kome ba. A Daura abin da na saba gani shi ne a biya hayar shekara gaba ɗaya, shi ke nan. Na ƙirga masa a zaure, ba kowa sai wani tela maƙwabcinsa da ya shigo gaisuwa. Na buɗe baki zan nemi takarda, sai ya ce, "Haba ɗana, tsakanina da kai har sai an rubuta?" Kunya ta kama ni, na ce, "A'a, Baba, ba kome."

To, a nan na yi kuskure, kuma kuskure na almajiri, wanda ya fi na jahili muni. Na san aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Amma a Daura ba takarda ke tsare amana ba, sanin asali ne. Wanda ya ci kuɗinka ka san ubansa, ka san mai unguwarsa, kuma ya san gobe za ku haɗu a masallacin Juma'a. Na ɗauki wannan kwanciyar rai na ƙetara da ita iyaka, na manta cewa can ni baƙo ne, ba wanda zai ji nauyina.

Kakanninmu fatake ba su yi wannan sakaci ba. Bafatake mai bin hanyar Gwanja neman goro ba ya sauka sai gidan fatoma, wanda zai ajiye masa dukiya, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa in an yi gardama. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a Sabon Ibadan cikin littafinsa na 1969, inda maigida ke lamunce wa baƙon ɗan kasuwa bashi. Turawan Ingila kuwa doka suka sa: tun 2007 mai gida ba ya da ikon yin yadda ya so da kuɗin ajiya, dole ya yi rajistarsu da ɗaya daga cikin hukumomin da gwamnati ta amince da su, su ne kuma ke raba gardama. Hikimar ɗaya ce, a sami na uku tsakanin mai gida da ɗan haya. Ni kuwa daga ni sai shi.

Na zo gida a watan Yuli da niyyar komawa in kwashe kayana. Ranar 26 ga watan sojoji suka hamɓarar da Shugaba Bazoum, ba da jimawa ba aka rufe iyaka. Na buga waya, Baba ya ce kuɗina na nan. Na sake bugawa, ya ce sai an duba ɗaki. Karo na uku ya ce shi bai tuna adadin ba, daga nan ya daina ɗauka. Daga bisani na ji har ya zuba wani a ɗakin.

Telan nan shi ya cece ni. Bayan buɗe iyaka a watan Maris na 2024, na same shi na roƙe shi ya raka ni wurin limamin unguwa, ya faɗi abin da ya gani. Da aka kira Baba, bai musa ba, gaban liman da maƙwabci ba gaban baƙo ba ne. Sai dai ya ce an sake fenti, an gyara ƙofa. Ba ni da abin da zan nuna yadda na tarar da ƙofar, don haka aka yanke jaka 15, na karɓi 30.

Da na koma ƙarasa aikina, wani gida na kama. Na rubuta adadin kuɗi da ranar mayarwa da halin ɗaki, da boko da ajami, mai unguwa ya sa hannu, na ɗauki hoton bango da ƙofa. Sabon mai gidan ya dube ni ya ce, "Malam, ka taɓa ƙonewa ke nan." Na ce masa, "Ƙwarai, Alhaji, a unguwar nan taku."